Kilo takwas a gadon baya: gudun Saharar Maroko

Daga garin Warzazat na ƙasar Maroko bas ce ta ɗauke mu, muka yi awanni muna nausawa kudu maso gabas har kwalta ta ƙare, muka sauka a sansanin baƙaƙen tantuna, mutum takwas a kowane. Nan ake fara Marathon des Sables, gasar gudun ƙafa a cikin hamada da Bafaranshe Patrick Bauer ya kafa a 1986: kusan kilomita 250 cikin mako guda, kuma ruwa da tanti da likitoci ne masu shirya gasar ke samarwa. Sauran komai a bayanka yake.

Washegari ranar duba kaya ce. Aka karɓi akwatunanmu aka mayar gari, aka ɗora jakar kowa a sikeli. A dokar da muka tarar, kada ta gaza kilo 6.5, kada ta wuce 15, ban da ruwa. Tawa ta tsaya a takwas. Akwai abubuwan da sai an gan su: jakar barci, kamfas, tocilan ta goshi da batir na canji, usur, laita, ƙaramar wuƙa, madubin neman agaji, bargon leda mai sheƙi, maganin wanke rauni, da fil guda goma na maƙala lamba. Abinci kuwa kalori 2,000 a rana ne mafi ƙaranci, wato 14,000 na kwana bakwai. A nan nauyi yake ɓuya. Giram ɗari na gyaɗa yana ba da kalori sama da 550, na dabino bai kai 300 ba, don haka dabino na ci ne a kan hanya, abin da zai riƙe ciki sai mai maiƙo. Na fitar da komai daga kwalinsa na ƙulla a ƙananan ledoji, kowace da ranarta a rubuce.

Jakar goyo mai cin lita 20 ta isa. Babba sai ta ruɗe ka ka cika ta. Abin dubawa shi ne zamanta a jiki. Da igiyar ƙirji da ta ƙugu, idan an ɗaure kada ta riƙa tsalle, domin 'yar girgizar da ba ka ji a kilomita biyar ita ce ke saɓule fatar kafaɗa a rana ta uku. Masu nauyi su jingina da baya, jakar barci a ƙasa. Goruna biyu a kan igiyoyin kafaɗa, ta gaba, masu dogon tsinken zuƙa. Jakar ruwa ta cikin goyo ba ta yi a nan ba: ba ka ganin abin da ya rage, kuma sai ka sauke kaya kafin ka cika. Ƙwayoyin gishiri, kamfas da abin taunawa na yini suna aljihun ƙugu. Duk abin da sai an tsaya kafin a ciro shi, ƙarshenta ba a amfani da shi.

Riga ɗaya ce tun daga farko har ƙarshe, fara, mai dogon hannu, ta yadin roba mai saurin bushewa. Auduga tana shan gumi, ta yi nauyi, gishiri ya bushe a jikinta ta koma kamar kankare tana goge hammata. Hular hana-salla mai labule a ƙeya, gilashin da ya rufe gefen ido, da ƙyallen wuya da ake ja ya rufe hanci idan iska ta taso. Wanda ya san rawanin Buzayen Agadas ya san dabarar, ba sabuwa ba ce. Da rana zafi kan haura digiri 40, amma asuba sanyi ne mai kaɗa haƙora, sai da 'yar jaket mara nauyi.

Ƙafa ce ke fitar da mutane daga gasar. A ranar doguwar tafiya, mai fiye da kilomita 80 da ake kaiwa dare ana yi, na ga layi a tantin likitoci, kusan kowa bororo ne ya kai shi. Ƙafa tana kumbura a zafi, shi ya sa ake sayen takalmi da ƙarin lamba ɗaya. Aka zarce haka sai ƙafar ta riƙa yawo a ciki, gogayya ta ƙaru. Rairayi kuma sai an yi wa takalmin riga, wadda ke rufe shi har idon sawu, a maƙale da Velcro, wato ɗamarar nan mai gashi-gashi da ke kama juna idan an danna, zagaye da bakin tafin. Gam kaɗai ba ya riƙewa, zafin ƙasa yana narkar da shi. A kai wa shumeka ya manna sannan ya bi da ɗinki, a kuma sa hannu a ciki a laluba ko zaren ya yi tudu. Wani maƙwabcinmu a tanti gam kawai ya sa, tasa ta ɓalle a tudun rairayi tun rana ta biyu.

Safa ƙafa biyu, ana wanke ɗaya da 'yar ragowar ruwa a rataye ta a bayan jaka. Wurin da ya fara zafi a liƙa masa filasta nan take, a busasshiyar fata, a yanke kusurwoyinta su yi zagaye don kada safa ta naɗe ta. Basilin yana taimakon cinya da hammata, amma a ƙafa rairayi yake kamawa. Zif ma haka: na aljihuna na dama ya cije tun rana ta huɗu, da fil biyu na rufe shi har muka koma Warzazat.