Ranar da na ce an samu maganin zazzaɓin cizon sauro

A watan Afrilun 2021, muna cikin azumi, labari ya shigo ɗakin labaranmu cewa masana na Jami'ar Oxford sun gwada wata sabuwar allura mai suna R21, kuma ta yi aiki da kashi 77 cikin ɗari. Ni ke riƙe da sashen lafiya a lokacin. Ranar yaƙi da zazzaɓin cizon sauro ta duniya, 25 ga wata, ta ƙarato, ga kuma labari mai daɗi ya faɗo hannu. Sanarwar da aka raba wa 'yan jarida kawai na karanta, ban buɗe rahoton binciken ba. Na rubuta: "An samu maganin zazzaɓin cizon sauro." Aka karanta bayan shan ruwa, lokacin da kowa ke kusa da rediyo.

Washegari da hantsi gwaggona ta kira ni. Jikanta ya kwana biyu jikinsa kamar garwashi. Ta ce, "Ɗan nan, sabon maganin da kuka faɗa jiya, a wane kyamis ake samunsa? Ko nawa ne zan saya." Gabana ya faɗi. Na ce, "Gwaggo, don Allah ki ɗauke shi yanzu ki kai shi asibiti a gwada jininsa, kada ki jira komai." Ta kai shi, aka ba shi magani, Allah ya ba shi lafiya. Amma da ba ta da lambata fa?

A daren, bayan tarawihi, na zauna na karanta binciken tun daga farko. An yi shi ne a Nanoro da ke Burkina Faso, a kan yara 450 'yan wata 5 zuwa 17. An kasa su uku: kashi biyu suka samu R21, na ukun aka yi musu rigakafin cizon mahaukacin kare don a samu abin kwatantawa. Ashe ma'anar kashi 77 ɗin ita ce, cikin wata 12, kamuwa da zazzaɓin ya ragu da wannan adadi a ɗaya daga cikin rukuni biyun da aka yi wa allurar R21 idan aka gwada su da rukuni na uku. Gwaji ne na mataki na biyu, babban gwajin na nan gaba. Kuma rigakafi ne ga yaro mai lafiya, ba ya warkar da wanda ya riga ya kwanta.

A nan ne harshenmu ke buƙatar taka-tsantsan. Kalmar "magani" tana da faɗi a bakin Bahaushe: ƙwaya magani, allura magani, sassaƙe magani, har gidan sauro ana iya cewa maganin sauro ne. Idan mai jinya ya ji "an samu magani", abin da zai shiga ransa shi ne a je a sayo. Tun daga ranar na hana kaina haɗa "magani" da "rigakafi" a wuri ɗaya kamar abu guda ne, na kuma daina cewa "an gano" a kan abin da ake gwadawa tukuna.

Wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya da nake tuntuɓa ita ta ƙarasa mini karatun. Ta ce, "Malam, mu ma'aikata ka gaya mana shekarun yaran, allura nawa, tazara nawa, da abin da ke biyo baya kamar zafin jiki. Iyaye kuwa ka gaya musu ya iso ko bai iso ba, kuma su ci gaba da kwana cikin gidan sauro." Yanzu kafin labarin bincike ya bar teburina, sai na san mutum nawa aka gwada, ko ma a kan ɓeraye aka yi, wa ya biya kuɗin aikin, da ko wasu masana sun tantance shi. Sai kuma na kira likitan da babu hannunsa a ciki.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne a Kano. Mutane ba su manta da gwajin maganin Trovan na 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, inda aka sa yara 200 a gwaji, 11 suka rasu. Ba su manta da dakatar da rigakafin shan-inna a 2003 ba. Yarda ta yi rauni a nan, kuma duk zuzutawar da ta ƙare a ƙarya tana ƙara fama wannan miki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta amince da R21 ba sai a Oktoban 2023, bayan gwajin yara kusan 4,800 a Burkina Faso, Mali, Kenya da Tanzaniya. Da aka fara yin ta a Kebbi da Bayelsa a Disamban 2024, ga abin da na rubuta: rigakafi ne ga jarirai, allura huɗu, a wata 5, 6, 7 da 15 da haihuwa, yana rage kamuwa amma ba ya hana ta gaba ɗaya, kuma duk yaron da jikinsa ya yi zafi a kai shi asibiti a ranar.