Ramin da ban haƙa ba

Har yau in na hangi itacen zaitun a cikin babbar tukunya wajen masu sayar da tsirrai, sai gabana ya faɗi. Shekara uku ke nan, amma warin da ya bugi hancina ranar da muka tono nawa bai bar ni ba. Wari ne irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Saiwoyin da ya kamata su kasance farare masu ƙwari sun koma baƙi, in ka ja ɗaya da yatsa sai ɓawon ya saɓule ya bar maka zare. A gindin ramin kuwa ruwa ne kwance, mai kauri, ya yi kusan wata biyu bai je ko'ina ba.

Aikin zanen lambu ne aka ba ni, ƙarami. Fili ne a bayan sabon gida, tsawonsa mita 9, faɗinsa mita 6. Mai gidan dattijuwa ce, kuma bukatarta ba ta da yawa: inda za ta zauna da yamma, ɗan inuwa, kore da zai huta mata ido, kuma kada ya zama lambun da sai an ɗauki mai ban ruwa. Kuɗin da ta ware ba su taka kara sun karya ba, ta kuma faɗa mini tun ranar farko cewa babu ƙari. Na zana mata abu na zamani mai sauƙi, layuka miƙaƙƙu, kaya iri biyu kacal, wato tsakuwa da daɓen siminti, tsirrai iri huɗu da za a yi ta maimaitawa, sai benci guda na siminti. Ragowar bulo da magina suka bari muka yi bakin fangali da su. Duk wannan ya tafi daidai, ba ni da abin cewa a kansa.

Sai itacen. Na dage sai an sa babban zaitun a tsakiya, mai kaurin gindi, wanda ranar da aka gama aiki zai sa lambun ya yi kamar ya shekara goma. Shi kaɗai ya lashe kashi ɗaya cikin uku na kuɗin. Hajiya ta ce, “Ɗana, ba za mu sayi ƙarami ya girma a gabanmu ba?” Na ce mata ta bar mini wannan, shi ne ran lambun. Ta yi shiru ta miƙo kuɗin.

A lokacin kaina ya cika da hotunan lambun tsakuwa na Beth Chatto da ke Essex a Ingila. Matar ta fara shi a 1992 a filin da a da ake ajiye motoci, ta shuka tsirrai masu jure fari, kuma ba a yi masa ban ruwa, alhali yankin na cikin waɗanda suka fi ƙarancin ruwan sama a ƙasar. Wannan labari ya burge ni ƙwarai. Abin da idona ya tsallake shi ne ƙasar wurin nata tsakuwa ce da yashi tun asali, ruwa ba ya zama a cikinta, kuma duk da haka sai da ta sa aka farfasa ƙasar da tayoyin mota suka danne, aka zuba takin ganye, kafin ta dasa ko tsiro ɗaya. Duk koyarwarta a kan a sa kowane tsiro a wurin da ya dace da shi take. Ni kuwa kamannin sama na kwaso, ban taɓa leƙa ƙarƙashin ƙasar Hajiya ba.

Kuma an gaya mini. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai. Dattijon maginin da ya yi mana daɓe ya tsaya da tiyonsa na awo, irin mai haske da ake cika wa ruwa a ga daidaiton ƙasa, ya ɗaga kai ya dubi indararon rufin, ya ce, “Malam, ruwan nan in ya sauko ina za shi?” Na ce, “Baba, tsakuwa za ta shanye.” Ya sake duban indararon, ya dubi inda na kafa turken itacen, bai ƙara magana ba. Daɓen ma na sa an karkata shi ya bar jikin gini, wanda daidai ne, santimita ɗaya da rabi ko biyu a kowace mita. Amma ya karkata ne kai tsaye zuwa gindin zaitun.

Ramin dashen na haƙa shi da zurfi, kusan mita guda, don a ganina itace mai tsada ya cancanci babban rami. Diga tana ta tsalle a kan ƙasar saboda tauri, ban ɗauki wannan a bakin komai ba. Na zuba tsakuwa a gindi wai don ruwa ya wuce, na cika da ƙasa mai laushi da taki. Abin da na gina a zahiri randa ce marar huji. Bangon ramin yumɓu ne da motocin kawo kayan gini suka yi wata da watanni suna takawa, tsakuwar da ke ƙasa kuma ba ta da inda za ta kai ruwan, sai dai ta tara shi.

Da rani lambun ya yi kyau har mutane na leƙowa. Na ɗauki hotuna, na yi ta nuna wa abokan aiki. Damina ta kama, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya sau uku a mako guda. Lissafin da ban yi ba a lokacin ba shi da wuya: milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Ɓangaren rufin da ke zuba a wannan indararo murabba'in mita 70 ne, daɓen kuma 20. Ruwan milimita 30 ke nan ya ba ka lita 2,700, kuma kusan dukkansa gindin itace ɗaya yake nufa.

Ganyen ya fara rawaya yana zuba. Abin takaicin shi ne itacen da ruwa ya yi wa yawa kamanninsa ɗaya da mai jin ƙishirwa, domin saiwar da ta rasa iska ba ta iya jan ruwa, sai ganye ya yi yaushi. Yaron gidan ya ga haka ya riƙa ƙara masa bokiti biyu duk ranar da ba a yi ruwa ba. Ni da aka kira ni a waya na ce wahalar dashe ce, zai farfaɗo. Sai da rassa suka fara bushewa daga sama na je da shebur.

Bayan mun fitar da shi na tsaya gaban Hajiya, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce, “Hajiya, laifina ne. Baba ya gaya mini, ban ji ba.” Ta daɗe tana kallon ramin, sannan ta ce, “To, ɗana, yanzu ruwan ina za mu kai shi?” Tambayar Baba ce ta dawo mini, kusan kalma da kalma. Na ce kuɗin gyara daga aljihuna za su fito, kuma haka aka yi. Abin da na samu a aikin gaba ɗaya ya koma ciki, har da ɗoriya.

Ranar ce na haƙa ramin da ya kamata in fara da shi. Zurfinsa santimita 30, faɗinsa haka. Ka cika shi da ruwa ka bari ya tsotse, ka sake cikawa, ka duba agogo. Ƙasa mai kyau cikin 'yan sa'o'i za ta shanye. In ka dawo washegari ka tarar da ruwa, kada ka sa zaitun a wurin, kada ka sa duk wani tsiro mai son bushewa. Namu ya kwana biyu ko gezau. Aikin rabin sa'a ne da bokiti biyu na ruwa. Duk lokacin da na tuna haka sai raina ya sake ɓaci.

Da muka ci gaba da tono sai muka ga yadda abin yake. Ƙasar kirki da ke sama ba ta wuce tafin hannu ba, magina ne suka barbaɗa ta don wuri ya yi kyan gani. Ƙarƙashinta ɓaraguzan bulo ne da busasshen siminti da buhunan leda, sannan dannannen yumɓu. Sai da muka kai wajen santimita 60 ƙasa ta fara laushi. A sabon gida kusan kullum haka za ka tarar, kuma zane a takarda ba zai taɓa nuna maka ba.

Gyaran ya canja lambun gaba ɗaya. A gefen da ya fi nisa da gini, sama da mita 3 daga tushe, muka yi kwari mai faɗi marar zurfi, kamar santimita 20, muka fasa dannanniyar ƙasar da ke ƙarƙashinsa har muka kai ga mai laushin, muka gauraya yashi da takin ganye. Ruwan indararo muka bi da shi ta wata siririyar hanya da muka jera wa duwatsu, a buɗe, ana ganinsa yana gudu. Daga gindin daɓen kuma muka binne bututu mai huji-huji a cikin tsakuwa, muka naɗe da yadi mai tace ƙasa don kada laka ta toshe shi. Irin wannan magudana Turawa na kiranta “French drain”, da sunan Henry French, wani Ba'amurke da ya yi bayaninta a littafinsa na 1859, ba ta da alaƙa da Faransa kamar yadda wasu ke zato. Muka bar mafita a bakin kwarin domin ranar da ruwa ya fi ƙarfinsa. A cikinsa na dasa jema, ciyawar da ke jure ruwa ta kuma jure fari, saiwarta na nutsawa ƙasa sosai. Sharaɗin da na kafa wa kaina shi ne ruwa ya ƙafe cikin kwana biyu, tun kafin sauro ya samu damar hayayyafa.

Zaitun kuwa na sake saye, amma ƙarami, bai kai ƙuguna ba, irin wanda Hajiya ta ce tun farko. Na ɗora shi a kan ɗan tudu, ramin ya ninka curin saiwar sau uku a faɗi amma bai fi shi zurfi ba, wuyan itacen yana waje ana ganinsa. Babu tsakuwa a gindi. Ƙaramin dashe ya fi saurin kama ƙasa, kuma ko ya mutu ba zai tafi da kashi ɗaya cikin uku na kuɗin mutum ba.

Bayan damina biyu wata abokiyar aiki ta matsa mini in shigar da lambun gasar da wata ƙungiyar masu zanen lambu ke yi, a rukunin ayyuka masu ƙaramin kuɗi. Da farko na ƙi. A wannan sana'a idon duniya na kan manyan wurare irin bikin furanni na Chelsea da ake yi a Landan tun 1913, inda ake kashe dukiya a gina lambun da za a nuna na kwana biyar a watan Mayu sannan a kwashe. Ina jin daɗin kallonsu, amma yawancinmu aikinmu bayan gidan mutane ne, da kuɗin da aka ƙirga aka sake ƙirgawa. Shi ya sa nake girmama ƙungiyar masu zanen lambu ta Birtaniya, wadda aka kafa a 1981, da ta keɓe rukuni guda a kyaututtukanta domin babbar dabara da aka yi da ƙaramin kuɗi. Ya kamata kowace gasa ta yi haka, domin mai ƙaramin kuɗi kuskure ɗaya ke kayar da shi, ba shi da rarar da zai rufe ɓarna.

Na cike takardun, kuma a wurin bayanin aiki na rubuta gaskiya, har da mutuwar itacen da lissafin lita 2,700. Hotunan da wayata na ɗauka, ɗaya ma ana tsaka da ruwa, kwarin ya cika, jema na tsaye a ciki. Ban zo na ɗaya ba, takardar yabo aka ba ni. Wanda ya yi nasara ya cancanta, sai dai har yanzu ina ganin hoton ƙwararren mai ɗaukar hoto na da nauyi fiye da kima a irin wannan rukuni, alhali kuɗin ɗaukarsa kaɗai ya isa a shuka fangali guda. Amma da ɗaya daga cikin alƙalan ta tare ni, ba ta tambaye ni benci ko layukan da na yi alfahari da su ba. Hanyar ruwan ta tambaya, da zurfin kwarin, da sa'o'in da yake ɗauka kafin ya ƙafe. Na yi farin ciki har na kasa ɓoyewa, na kuma ji zafi a lokaci guda, domin abin da aka yaba ɗin da na saurari Baba da an yi shi tun farko, da kuɗin Hajiya, kuma da babban zaitun ɗin yana raye.

Na kai wa Baba takardar ya gani. Ya juya ta gaba da baya ya ce, “Madalla, Malam.” Yanzu duk filin da aka kira ni, ba na fitar da fensir sai na zaga na ƙirga indararo, na tambayi masu gida inda ruwa ke kwanciya, na haƙa ramuka biyu ko uku na cika su. Wasu na ganin ɓata lokaci ne, wani ma ya ce shi zane ya biya, ba tono ba. Na ce masa ya ba ni kwana ɗaya.

Makon jiya aka yi ruwa mai ƙarfi cikin dare. Da hantsi Hajiya ta kira ni ta ce, “Ɗana, kwarinka ya cika jiya har baki, amma yanzu saura laima.” Na tambaye ta zaitun. Ta ce ya wuce tagar ɗakinta, kuma in na zo in taho da almakashi, akwai reshen da ke taɓa mata kai in ta zauna a benci.