Akurkin da aka gina don tsoron ɓarawo, zafi ya cinye kajin

A wannan watan nake barin aikin gina akurkin kaji a hannun maigidan da na yi wa aiki a Birnin Kebbi. Akwai abin da ya kamata yaran da na bari a shago su ji, don na san ba za a faɗa musu a can ba.

Aikin da ya fi tsaya min a rai na kaji 30 ne masu ƙwai, a bayan wani gida. Mai kajin yana tsoron ɓarayi, maigida yana tsoron kwangila ta kuɓuce masa, sai aka ɗaga bulo har rufi, aka bar 'yan tagogi biyu, kwano ƙafa 6 daga ƙasa, doguwar fuskar ginin tana kallon yamma. An zuba kaji da hunturu, kowa yana sam barka. Da Afrilu ta shigo, cikin 'yan kwanaki fiye da rabinsu suka mutu, baki buɗe, fukafukai a saɓule, sun taru a gindin mazubin ruwa. Maigida ya ce abinci ne, daga baya ya ce ma'aikata ne ba su bi awon ginin ba. Awon nasa ne. Laifina shi ne na ga kuskuren tun ana aza harsashi, na yi shiru, na buga rufin da hannuna.

Kaza ba ta gumi. Zafin jikinta yana wajen digiri 41, kuma da zarar zafin ɗaki ya kai wajen 30 sai ta fara haki don ta huce. A Kebbi da bazara zafin waje kan haura 40, to ina ga ƙarƙashin kwanon da ya sha rana tun hantsi, ga bango ya tare iska ta ko'ina? Tun kafin mutuwa ta zo za ka ga alama: cin abinci ya ragu, shan ruwa ya ninka, ƙwai ya ja baya, ɓawonsa ya yi laushi. Mai kiwo sai ya ruga sayen magani, alhali ciwon yana jikin ginin.

Ga yadda ya kamata a yi wa kaji 30 ɗin nan. Faɗi ƙafa 8, tsawo ƙafa 15, kowace kaza ta samu murabba'in ƙafa 4. Siririn ɗaki ya fi mai faɗi, don iska tana ratsa shi daga wannan gefe zuwa wancan. Tsawon ya miƙe daga gabas zuwa yamma, dogayen ɓangarorin su kalli kudu da arewa, yadda ranar la'asar ba za ta leƙo ciki ba. Gajerun bangaye biyu, na gabas da na yamma, su ne za a iya ɗagawa har sama. Na gabas ma yana da amfani biyu, domin iskar hadarin farkon damina daga can take bugowa. Dogayen ɓangarorin kuwa layi biyu na bulo ya isa, sauran duk raga har rufi. Bakin rufi kada ya gaza ƙafa 8 daga ƙasa, tsakiyarsa ƙafa 10 ko 11, kuma kwano ya zarce bango da ƙafa 2 zuwa 3 don feshin ruwa da rana. A shimfiɗa zana ko karan dawa a kan kwanon, a ɗaure da waya. Duk wanda ya shiga ɗakin da azahar zai ji bambancin a fatarsa. In akwai darbejiya a gidan, a gina inda inuwarta ke faɗawa da yamma.

Tsoron ɓarawo gaskiya ne, ban raina shi ba. Maganinsa ƙofar ƙarfe da kwaɗo mai kyau, da rodi a bayan raga. Ba sai an toshe wa kaji numfashi ba. Maigida ya san haka sarai, bulo ne dai ya fi kawo riba a lissafin kwangila.

Ragar ma akwai magana. Wadda aka fi sayarwa, mai manyan idanu da siririyar waya, kaji kawai take tsarewa. Ɓera da maciji suna wucewa abinsu, muzuru kuma yana iya yaga ta in ta fara tsatsa. A nemi mai idon rabin inci, aƙalla a ƙafa 3 na ƙasa. A filin shawagi, wato shingen da kaji ke fita su sha iska, a binne gindin ragar ƙafa ɗaya a ƙasa saboda gafiya da kare masu tono, a kuma rufe samansa da raga saboda shaho da shirwa. Filin ya zama ƙafa 15 da 16, manne da dogon gefen ɗakin, rabinsa a ƙarƙashin rumfa. A ajiye tsohuwar taya cike da yashi da toka a inuwa, su yi birgima, ƙwarƙwata ta ragu.

Daɓe ya zama na siminti, ya ɗara ƙasar tsakar gida da inci 6 ko fiye, in ba haka ba ruwan Agusta zai kwana a ciki. A kansa a zuba ɓuntun shinkafa kaurin inci 3 zuwa 4. Mu nan Kebbi ba mu da uzuri, injinan casa na Argungu da Jega da Birnin Kebbi tsibi suke tara shi. Duk inda ya jiƙe a kwashe ranar, don danshi ne ke kawo kashin jini da warin da ke sa idon kaza ruwa. In ka tsuguna daidai tsayin kaza ka ji wari ya soki hancinka, an riga an makara da canji.

Katakon da ya taɓa ƙasa abincin gara ne, a shafe gindinsa da baƙin mai a dasa shi cikin siminti. Sandunan kwana uku na katakon tubaitu, wato mai kaurin inci 2 da 2, kowanne ƙafa 8, tsayin ƙafa 2 daga daɓe. Akwatin ƙwai ɗaya ga kaji biyar, a lungu mai duhu, ƙasa da sandunan kwana, in ba haka ba a ciki za su kwana su ɓata ƙwan. Da hunturu a rataya labulen buhu a gefen arewa da dare, a naɗe shi da hantsi, a bar tazara a sama ko da sanyi ya yi tsanani. Rigakafin Lasota, wato na cutar Newcastle, da na cutar Gumboro kuwa gini ba ya maye gurbinsu.

Wancan akurkin daga baya mai shi ya kira wasu suka fasa dogayen bangayen zuwa layi biyu, suka ɗaga rufin, ya sake zuba kaji suka wuce bazara lafiya. Kuɗin gyaran daga aljihunsa ya fito, kuma har yau maigida bai taka ƙofar gidan ya ba shi haƙuri ba.