Abin da aka sallama da abin da aka kafa wa hujja

Duk wanda ya zauna da littafin Uƙlidis zai lura da abu ɗaya tun shafukan farko: mutumin ba ya yarda a haɗa abin da aka ɗauka a matsayin gaskiya da abin da aka tabbatar. Ya rayu a Iskandariyya ta Masar wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma ya tsara ilimin siffofi, wanda Larabawa ke kira handasa, cikin juzu'i 13. Kafin shi Misrawa da mutanen Babila sun iya awo sosai. Takardar Rhind, wata tsohuwar takardar lissafi ta Misrawa wadda aka kwafa wajen 1550 kafin Miladiyya, tana fitar da faɗin da'ira ta hanyar ɗaukar takwas bisa tara na tsawon tsakiyarta a ninka shi da kansa. Amsar tana kusa da daidai, amma ba a faɗi dalili ba. Abin da Girkawa suka ƙara shi ne dalilin.

Juzu'i na farko ya buɗe da ma'anoni 23, sai ƙa'idoji biyar da ake roƙon mai karatu ya sallama, sai wasu biyar na hankali, irin su: abubuwa biyu da suka yi daidai da na uku, daidai suke da juna. Uku na farko cikin ƙa'idojin da ake roƙon a sallama izini ne na aiki. Ana iya jan miƙaƙƙen layi tsakanin ɗigo biyu, ana iya tsawaita shi, ana iya zana da'ira daga kowane ɗigo da kowane nisa. Wato rula marar lamba da kamfas, shi ke nan kayan aikin. Ta huɗu ta ce duk kusurwoyin tsaye, masu digiri 90, daidai suke.

A mas'ala ta farko ake gane wahalar abin. Ana son alwatika mai gefe uku daidai a kan layin AB. Kafa tsinin kamfas a A, buɗe shi zuwa B, zana da'ira. Koma B, buɗe zuwa A, zana wata. Inda suka haɗu a kira shi C. AC daidai yake da AB, BC ma haka, saboda haka AC da BC daidai suke. Ɗalibai kan ce an gama. To amma wace ƙa'ida ce cikin goman ta ce da'irorin biyu dole su haɗu? Babu. Ido ne ya gani a takarda, hankali ya bi. In AB santimita 10 ne, tsayin C daga layin kusan 8.66 ne, lambar da ba ta rubutuwa cif a matsayin kashi bisa kashi, don haka samuwar wannan ɗigo tana buƙatar ƙa'idarta. Hilbert, wani masanin lissafi Bajamushe, ya sake shimfiɗa tushen ilimin a 1899 da ƙa'idoji kusan ashirin don toshe irin waɗannan ramuka.

Ƙa'ida ta biyar ita ta fi ba malamai ciwon kai. Ta ce idan layi ya ratsa layuka biyu, kusurwoyin ciki na gefe ɗaya suka gaza digiri 180, layukan za su haɗu a wannan gefen in an tsawaita su. Doguwa ce, kamar mas'ala mai neman hujja, kuma shi kansa Uƙlidis bai taɓa ta ba sai a mas'ala ta 29. Ibn al-Haitham ya gwada tabbatar da ita, Umar Khayyam ya soki yadda ya shigo da motsi cikin hujjarsa, Nasiruddin Ɗusi ya gwada, Saccheri, wani masanin lissafi ɗan Italiya, ma a 1733. Tarkon kusan iri ɗaya ne: sai mutum ya shigo da wani zato mai kama da gaskiya ƙarara, alhali ita ce ta biyar ɗin a cikin wata riga. Wasu masana lissafi biyu, Lobachevsky a 1829 da Bolyai a 1832, suka ajiye ta gefe, suka gina tsarin da kusurwoyin alwatika ba sa cika 180 a cikinsa.

Magini mai fitar da kwanar harsashi da igiya yana aiki ne da mas'ala ta 48, ba ta 47 ta Fisagoras da aka fi haddacewa ba. Ta 47 ta fara da kusurwar tsaye ta kai ga tsawo: a alwatika mai kusurwar tsaye, in an ninka gefe mafi tsawo da kansa, daidai yake da jimlar sauran biyun, kowanne an ninka shi da kansa. Magini kuwa daga tsawo yake farawa ya kai ga kusurwa, kamar ta 48. Ya auna mita 3 a gefe ɗaya, mita 4 a ɗayan, in tsakanin turakun biyu ya ba da mita 5, kwana ta tsaya. Inda ake faɗawa rami shi ne igiya mai miƙewa, ko awo a kan gangare. Kuskuren ƙarin santimita 5 a wannan tsakanin yana buɗe kwanar zuwa kusan digiri 91.2, kuma a bango mai mita 10 wannan karkata ce ta kusan santimita 21.