Aikin da mai kunya zai iya riƙewa a fafutukar siyasa

Ni mutum ne da ba ya iya ɗaga murya a cikin taro, kuma idan na daɗe a tsakiyar jama'a sai in ji jikina ya mutu. Hoton ɗan gwagwarmaya da aka saba nunawa shi ne na mutum a kan dandamali, lasifika a hannunsa, jama'a suna amsa masa, kuma na san ba zan taɓa zama wannan mutumin ba. Duk da haka yadda ake ware kuɗin jama'a don ayyuka, sannan a rasa inda suka shiga, yana ci mini tuwo a ƙwarya. Saboda haka da na shiga wata ƙaramar ƙungiya mai bibiyar kasafin kuɗi, sai na tambayi shugabarta wane aiki ne kowa yake gudu. Ta ce rubuta bayanin taro.

Na karɓi aikin, na kuma gano cewa yana da nauyi fiye da yadda ake zato. Nakan raba takardata gida uku: abin da aka yanke, wanda ya ɗauki nauyinsa, da ranar da zai kawo rahoto. Kafin in kwanta a wannan daren nakan tura wa kowa. Kafin haka ana yin muhawara mai zafi a watse, a dawo zama na gaba babu wanda ya tuna wa aka ɗora wa me. Da takardar ta fara yawo, sai alkawura suka sami masu su, kuma waɗanda suka fi ni iya magana suka riƙa juyowa suna tambayata abin da aka tsayar a zaman baya.

Tarihin Rosa Parks ya ƙara mini ƙarfin gwiwa. Duniya ta san ta ne da ranar 1 ga Disamba, 1955, lokacin da ita, baƙar fata, ta ƙi tashi daga kujerarta ta ba wani farar fata wuri a motar bas a birnin Montgomery na Amurka. Amma tun 1943 take sakatariyar reshen birnin na NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙar fata, tana tattara koke-koken baƙar fata da aka zalunta, kuma waɗanda suka san ta sun bayyana ta a matsayin mace mai sanyin murya. Da aka kama ta, wata malamar kwaleji mai suna Jo Ann Robinson ta kwana tana buga dubban takardun kira ga mutane su ƙaurace wa motocin. Ƙauracewar ta ɗauki kwana 381, kuma ba za ta ɗore haka ba da babu masu tsara motocin sa-kai da ke kai mutane wurin aiki kowace safiya.

Daga rubuta bayanin taro na koma rubuta wasiƙu. Ƙasashe fiye da 100 suna da dokar 'yancin samun bayanai, wadda Suwidin ta fara kafawa a 1766, kuma tana bai wa ɗan ƙasa damar neman takardun hukuma a rubuce. Na koyi cewa wasiƙar da ake amsawa ba ta wuce shafi ɗaya, tana neman abu guda da sunansa, misali takardar kwangilar wani aiki da adadin kuɗin da aka riga aka biya. Nakan kai kwafi biyu, in roƙi ma'aikacin da ya karɓa ya buga hatimi da kwanan wata a kan nawa, domin wannan hatimin shi ne hujja idan aka yi shiru. Ko Amnesty International, wadda lauya Peter Benenson ya assasa a Ingila a 1961, da wasiƙun da mutane ke rubutawa daga gidajensu don neman a saki fursunonin ra'ayi ta yi suna.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne hira da mutum ɗaya. A gaban taro bakina yana rawa, amma idan ni da mutum ne kawai ina iya sauraronsa har ya gama, kuma mai shakka kan yin rajistar zaɓe ya fi buɗe zuciyarsa ga wanda ba ya katse shi. Nakan tambaye shi abin da ya fi damunsa a mulki, in bar shi ya faɗa, sannan in nuna masa wace kujera ce ke da alhakin wannan matsalar.

Kafofin sada zumunta suna da amfani, amma a ganina suna iya zama maɓoyar mai kunya, ya wuni yana yaɗa saƙonni alhali babu wata hukuma da ta san da buƙatarsa. Shi ya sa na ɗaure wa kaina cewa duk abin da na wallafa sai ya kasance yana da takarda a bayansa.

Ina kuma kiyaye ƙarfina. Nakan isa wurin taro da wuri tun kafin ya cika, in zauna inda zan iya fita cikin sauƙi, kuma na gaya wa abokan aikina a fili cewa ba zan halarci kowane gangami ba. Sun fahimta, domin sun ga abin da nake kawowa. Lokacin da aka kira zaman sauraron ra'ayin jama'a kan kasafin kuɗi, wani daga cikinmu ne ya yi jawabi, ni kuma na zauna kusa da shi da fayil, ina miƙa masa shafin da ya dace duk lokacin da wani jami'i ya musanta wani adadi.