Abin da lambar QR ta koya min a harkar buga kwali

Mu masu buga kwali da leda da sitika abu ɗaya muka saba da shi, kwastoma ya turo zane, a gyara kala, a yi fileti, wato farantin da ke ɗauke da zanen, a ɗora a inji, a yanke a ɗaure a loda a mota, shikenan sai kuma wata odar. Lambar QR, wannan mai kusurwa huɗu da ake sikanin da waya ta buɗe shafin intanet, ita ce ta zo ta hargitsa wannan tsarin, don ita aikinta ba ya ƙarewa ranar da kaya suka bar ɗakin buga, a ranar ma yake farawa. Duk wanda ya gane haka da wuri ya samu sabuwar hanyar abinci, wanda bai gane ba kuwa zai ci gaba da buga ta kyauta a kusurwar kwali yana kallon wani daban yana kwasar ribar.

Ita dai lambar ba sabuwa ba ce, kamfanin Denso Wave na Japan ne ya ƙirƙiro ta a 1994 a ƙarƙashin wani injiniya Masahiro Hara, don bin sawun kayan gyaran mota a masana'anta. Ta daɗe tana nan mutane ba su damu da ita ba saboda sai ka sauke manhaja ta musamman, sai a 2017 da kyamarar iPhone ta fara karanta ta kai tsaye, sannan korona ta zo ta koya wa kowa ɗaga waya ya yi sikanin.

Darasin farko a kan inji na koye shi. A kwamfuta kowace lamba tana karantuwa, tsaf da ita, amma tawada ba ta san kwamfuta ba. Lambar ƙananan murabba'ai ce baƙi da fari, mafi ƙanƙanta 21 a tsaye 21 a kwance, mafi girma 177, kuma a kan kwali mai kauri ko a injin fileso mai bugawa da fileti na roba tawada tana ɗan bajewa, baƙin ya kumbura ya cinye farin da ke kusa da shi, idonka ba zai ga komai ba amma waya za ta tsaya tana ta nema. Shi yasa tun a wajen shirya fayil ake ɗan rage kaurin baƙin daidai da yadda ka san injinka yana bajewa, kuma wannan ba abu ne da kwastoma zai sani ba, kai ne ka san halin injinka. Sai maganar kala, in aka haɗa baƙin daga kala huɗu to ko kaɗan ɗaya ta goce gefen ya yi inuwa, gara kala ɗaya mai duhu a kan fari ko wani abu mai haske. Dole kuma a bar mata fili a zagaye, faɗin murabba'i huɗu ta kowane gefe, ba rubutu ba zane, kuma wallahi nan ne muke yawan samun saɓani da masu zane, su dai burinsu ya yi kyau, sai ka ga an matse lambar tsakanin tambari da jerin sinadarai an mayar da ita ruwan gwal a kan ja. Kyau kam ta yi, amma wa zai karanta? Haka leda mai sheƙi tana mayar da hasken fitila cikin kyamara, kwalba siririya tana lanƙwasa lambar gefenta ya ɓace, ledar da ake ƙona ta ta kama jikin kwalba kuwa in aka sa lambar a wuya sai ta murɗe. Kar a sa ta a kan ninki, kar a sa ta inda za a liƙa gam.

Akwai abin da mutane suke ji suna ɗauka lasisi ne, wai lambar tana gyara kanta ko ta lalace. Gaskiya ne amma da iyaka, mataki huɗu ne, tana jure lalacewar kusan kashi 7, 15, 25 ko 30 cikin ɗari. In kwastoma ya dage sai an sa tambarinsa a tsakiya to ya sani ya cinye wani kaso na wannan rarar tun kafin kwalin ya gogu a mota ko ya sha danshi a sito. Kuma duk tsawon adireshin shafin intanet da aka cusa ciki haka murabba'an suke ƙara yawa suna ƙara ƙanƙancewa, don haka gajeren adireshi rabin aiki ne.

Gwaji ma yana da nasa. Sabuwar waya mai tsada komai za ta karanta, ba ita ce ma'auni ba, ni tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi nake ajiyewa a aljihun tebur don wannan aikin kuma a ɗan duhu nake gwadawa. Amma in manyan kamfanoni kake son yi wa aiki waya ba ta isa ba, akwai na'urar auna ingancin lamba da ke ba da maki bisa ƙa'idar ISO/IEC 15415, kuma takardar sakamakon nan da kake haɗawa da kaya ita kanta hidima ce da ake biya.

To amma duk wannan bugu ne, ba a nan gizo yake saƙa ba. Tambayar da ta fi kawo aiki ita ce, in mutum ya yi sikanin ina za ta kai shi, kuma wa yake kula da wurin? Kwali yana iya shekara biyu ko fiye tsakanin sito da kanti da gidan mai saye, shi kuma shafin garaɓasar da aka yi dominsa wata uku ne ya mutu. Abin da ya faru da kamfanin tumatirin kwalba na Heinz a Jamus a 2015 kowa a harkar nan ya kamata ya sani, wani ya yi sikanin lambar da ke jikin kwalbarsu ta wata gasa da ta riga ta ƙare, ashe sunan shafin ya kuɓuce musu wani ya saye, sai wayar ta buɗe masa shafin batsa, dole kamfanin ya fito ya ba da haƙuri. Maganinsa mai sauƙi ne, lambar ta nuna wani gajeren adireshi da ba ya canzawa, daga can sai a riƙa juya mutum zuwa inda ake so, yau bidiyon yadda ake amfani da kaya, gobe sanarwar janye wani rukuni daga kasuwa, ba tare da an sake buga ko kwali ɗaya ba. Wannan juyawar da kula da ita da rahoton sau nawa aka yi sikanin a wane yanki, su ne abin da mai buga zai iya sayarwa duk shekara maimakon sau ɗaya. Ra'ayina dai, sunan shafin ya zama na kwastoma ne a rubuce, kai kana kula masa kawai. Na ga masu riƙe adireshin a hannunsu don kar kwastoma ya gudu, yana aiki na ɗan lokaci amma ranar da ya gane an ɗaure shi ba zai dawo ba kuma zai faɗa wa wasu.

Mataki na gaba shi ne kowane kwali da lambarsa daban. Fileti ba zai iya wannan ba tunda abu ɗaya yake maimaitawa, sai injin dijital ko a ɗora kan fesa tawada a layin da kake da shi, da kyamara a gaba tana karanta kowace ɗaya tana ture wadda ba ta fita ba. Kamfanonin magani sun riga sun fara, a Tarayyar Turai tun 9 ga Fabrairu 2019 yawancin magungunan da sai da takardar likita dole kwalinsu ya ɗauki lambar Data Matrix, 'yar'uwar QR, mai ɗauke da lambar kaya, lambar rukuni, ranar ƙarewar aiki da lambar da ta keɓanta da wannan kwalin kaɗai. Wahalar a nan lissafi ne ba bugu ba, kwalin da ya lalace wajen saita inji lambarsa ina ta tafi, an soke ta ko tana yawo? In lamba ɗaya ta fito sau biyu wa zai amsa? Daga nan ka zama mai riƙon bayanai, kuma ma'aikacin da ya iya tebur ɗin bayanai ya zama da muhimmanci kamar mai haɗa kala.

Abu ɗaya da ba na yarda a faɗa wa kwastoma shi ne wai QR tana hana jabu. Duk mai injin kwafi zai kwafe ta. Abin da take yi in kowace daban ce, tana tona asiri, lamba ɗaya da aka yi sikanin ta sau ɗari a garuruwa daban-daban ka san akwai matsala, in ana son fiye da haka sai a haɗa da rufin da ake kankarewa ko hatimin da ke nuna an buɗe.

Abin da ke tafe kuma ba ƙarami ba ne. Tsohuwar bakod mai layi-layi tun 1974 take aiki a kantuna, yanzu ƙungiyar GS1 da ke kula da ita ta sa burin cewa zuwa ƙarshen 2027 injinan biyan kuɗi su iya karanta lambobi masu murabba'i, kuma da tsarinsu na Digital Link lamba ɗaya za ta yi wa mai kanti aiki ta kuma buɗe wa mai saye shafi. Turai ma daga Fabrairu 2027 manyan batura irin na motocin lantarki sai da fasfo na dijital da ake buɗewa ta QR. Kafin a gama sauyawa kwalaye da yawa za su ɗauki tsohuwar da sabuwar tare, ma'ana dubban zane-zane sai an sake taɓa su an nemo musu fili, kuma yawancin ƙananan kwastomomi ba su ma ji labarin ba balle su shirya.

Shi yasa yanzu a takardar karɓar oda muka ƙara tambayoyi kafin a taɓa fileti, wa ya mallaki adireshin, yaushe rajistarsa za ta ƙare, shekara nawa kayan za su yi a kasuwa, lamba ɗaya ce ko kowanne da tasa. Wasu suna amsawa nan take, wasu kuma sai su ce bari su tambayi yaron da ya yi musu shafin, sau da yawa ma yaron ya daɗe da barin aiki.