Exim ya yarda ya fitar da wasiƙa daga ƙauyenmu

Alhamdulillahi 'yan uwa, daren jiya wasiƙa ta fita! Tsohuwar kwamfutar da na ɗora wa Debian (wani nau'in Linux) a shagon cajin wayarmu, nan gefen Ringim, yanzu da kanta take turo min imel idan cron, manhajar da ke yin aiki a lokacin da aka tsara, ya gama kwafe fayilolin yaran da ke koyon buga rubutu.

Kun san yadda Exim4, manhajar aika imel ta Debian, yake zuwa: a cikin na'urar kaɗai yake raba wasiƙa, a 127.0.0.1, adireshin na'urar kanta, yake saurare, duk abin da ka tura waje ya dawo maka. Ni ina ganin daidai ne, gara haka da a bar wa 'yan damfara ƙofa a buɗe. Da dpkg-reconfigure exim4-config na zaɓi smarthost, wato uwar garken kamfanin imel ta riƙa tura min wasiƙu waje, na sa tashar 587 da ɗigo biyu sau biyu, wato ::587, tunda ɗigo biyu guda ɗaya raba jeri yake yi a wurin Exim. Wannan bai ɗau lokaci ba.

Inda na sha wuya shi ne /etc/exim4/passwd.client, fayil ɗin da Exim ke ɗaukar suna da kalmar sirrin shiga uwar garken. Suna daidai, kalmar sirri daidai, amma mainlog, fayil ɗin rahoton Exim, sai nuna kuskure 530 yake, wai ban gabatar da kaina ba. Na sake rubuta layin, na duba izinin fayil, 640 ne, root da Debian-exim. Wasiƙu suka taru a layi, batirin sola na ja baya, ga zafi har fankar kwamfutar na kuka. Data ta kusan naira dubu uku ta tafi wajen kallon bidiyo a wannan netwok ɗin namu mai zuwa da ɗaukewa. Wallahi ta yi min ciwo.

Ashe amsar tana cikin na'urar, kyauta. Shafin jagora na man exim4_passwd_client ya faɗa ƙarara: sunan uwar garken da kamfanin imel ya ba ka sau da yawa laƙabi ne, Exim kuwa da sunan uwar garken na ainihi yake laluben fayil ɗin. Bai ga layin da ya dace ba, sai ya shiga babu kalmar sirri. Na buga umarnin host da laƙabin, sunan gaskiya ya bayyana, na rubuta shi da tauraro (*) a gaba. Exim -qff kawai, umarnin tura wasiƙun da ke layi, sai wayata ta hau ƙara a aljihu.

Ku buɗe /usr/share/doc/exim4-base/README.Debian.gz da zless, akwai tsawo amma ba ya cin data. Saura /etc/aliases, in karkato wasiƙun root, asusun mai kula da na'ura, zuwa imel ɗina. Wanda ya taɓa sa na'ura ta yi gargaɗi kafin batiri ya mutu, don Allah ya nuna min hanya.